Rabin Kitso a Ƙetaren Iyaka

Wata biyar ke nan da dawowata daga tafiyar nan, amma har yau bakina bai huta ba. Wadda ta zo kitso sai ta tambaya, wadda ta zo aron turmi sai ta tambaya, har da waɗanda ko gaisuwar kirki ba ta haɗa mu. "Hajo, wai da gaske har Nijar kunka kai?" "Wai ba ku gamu da mutanen daji ba?" Na ba da labarin har ya fara canza kama a bakina, shekaranjiya na ji kaina ina ƙara wa hanyar tsawo. Shi ya sa na naɗa wa biro tsumma don ya yi kaurin riƙo, na zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma in samu in haɗiye yawu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hajara, amma a Ƙauran Namoda Hajo mai kitso ake ce mini. Sana'ar gado ce, tsinken da nake tsaga da shi ma na mahaifiyata ne. Shekara huɗu da suka wuce ciwon gaɓɓai ya kama ni, irin wanda muke haɗawa duka mu ce sanyin ƙashi. Likita Bilkisu, wadda ke duba mu a asibiti, ta ce nawa ba na tsufa ba ne. Amosani ne wanda garkuwar jikin mutum ke juyowa ta afka wa gaɓoɓinsa, yatsu su kumbura hagu da dama, da safe su sandare. Ta ɗora ni a kan maganin da ake sha sau ɗaya a mako, ta kuma ja mini kunne cewa gaɓar da aka bari ta karkace ba ta komawa daidai. In ciwon ya ƙi lafawa, in faɗa da wuri a canza shiri.

Da fari maganin ya karɓe ni. Daga baya ciwon ya dawo a hankali, ni kuwa ban faɗa ba. Duk wata in na je ta ce, "Yaya Hajara, ya jiki?" sai in ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." To me zan ce? Haka aka raine mu. Kakata tana gargarar mutuwa aka ce mata ya jiki, ta ce da sauƙi. Kafin tafiyar nan na yi wata huɗu ban gama kai guda ba. Mata su zo, in ce ina da baƙi, ko kaina na ciwo. Ina sayen wata ƙwaya a kemis ina danne zafin, ko Malam, maigidana, ban gaya masa ba. Tsorona ɗaya ne, kada a ji hannun Hajo ya mutu.

Ana nan sai Likita ta zo da maganar bincike. Ita da abokan aikinta suna son sanin yadda masu irin ciwonmu ke fama da shi a gida, dabarun da suke yi da abin da ke kawo musu cikas, don a gyara yadda ake kula da mu. Tana neman mace mai ciwon, wadda ta iya rubutu, ta raka ta Zurmi da Shinkafi har ƙetaren iyaka. Ita Bazazzagiya ce, da ta buɗe baki matan ƙauye sai su rufe nasu.

"Kuma ke ce abin misalina," in ji ta. "Duk wanda ya gan ki ya san magani yana aiki."

Na san ba haka ba ne, amma kwaɗayin tafiya ya fi ƙarfina, don iyakacina Gusau. Malam ya so ya hana, sai da ya ji direban Isuhu ne, ɗan kawuna, sannan ya saki. Isuhu taubashina ne, tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a yi tsiya ba.

Kaka ce, ana yankan gero. Kun san yadda hanyarmu ta koma, ba a fita da sassafe, sai rana ta ɗaga motoci sun taru a bakin gari, sojoji sun wuce gaba. Gonakin bakin titi sun yi kyau, dammuna a jere, amma na can ciki ciyawa ce ta cinye su, babu mai zuwa. Akwai wuraren da Isuhu ke kashe rediyo ba tare da kowa ya ce ya kashe ba, sai ka ga leɓen kowa na motsi. Da muka wuce irin wurin nan na farko ya waiwayo.

"Hajo, in sunka tare mu, ke za mu bari. Ko kwana ukku ba ki yi za su maido ki har da goron ban haƙuri."

Na ce, "Kai ko kyauta anka ba su ba su ɗauka, wa zai ciyad da kai?"

Likita ta yi dariya har da hawaye, ina jin rabinta ta tsoro ce.

A Zurmi an tara mana masu ciwon a barandar wani ƙaramin asibiti. Nan Likita ta fito da takardar da take ji da ita, mai zanen fuskoki biyar, daga mai dariya har mai kuka. Wai mutum ya nuna wadda ta yi daidai da ciwonsa. Na farko wani dattijon manomi ne, Baba Ɗanjuma, yatsunsa sun yi ƙullutu kamar citta. Ya duba, ya duba, ya ɗora yatsa a kan mai dariya.

"Baba, ba ka jin zafi ke nan?"

"Da sauƙi."

"To me ya sa ka zaɓi wannan?"

"Likita, kin taso tun daga Ƙaura bisa wagga hanya kin iske ni, sai in gwada miki mai kuka? Ai ba a tarbon baƙo da ɗaurin huska."

Haka aka yi ta yi har azahar. Mace ɗaya ce ta nuna ta tsakiya, mai turɓune fuska, har mun fara murna, ashe wai ta yi mata kama da maigidanta ne. Likita ta dafe kai ta ce in ta kai wannan takarda ofis za a ce duk Zurmi babu mai ciwo.

Ni kuwa ina ganin abin da ba ta gani. Na ga wata ta sa haƙori ta kwance ƙullin gefen zanenta. Na ga wani ya bar takalminsa a ƙafa har kan tabarma, ba don rashin ladabi ba. Na san su, don ni ma haka nake yi. Da na so da na ce mata ga inda za ta duba, amma tarkon da zai kama su ni zai fara kamawa, sai na ja bakina na tsuke.

Da rana aka kawo mana hoce, gasasshiyar wainar dawan nan tamu mai tauri, da miyar sure, wato yakuwa. Likita ba ta taɓa ganin hoce ba, ta juya shi gaba da baya ta ce wannan abinci ne ko faifai. Isuhu ya ce ai da shi ake gane ɗan halak. Ta gutsura da ƙyar, daga baya har ta nemi ƙari. Ni nawa ɓantararsa ta gagare ni, na jiƙa shi cikin miya na ce haƙorina ne ke damuna.

Washegari muka isa Shinkafi, muka sauka a gidan wata unguwarzoma, Hajiya Rabi, mace mai faɗa da kyauta, tana zuba maka abinci tana yi maka faɗan ba ka ci. Katifa ta shimfiɗa mana a ƙasa. Wanda bai san ciwon nan ba ba zai gane mene ne tashi daga ƙasa da safe ba. Sai in riga Likita farkawa, in mirgina in dogara da gwiwar hannu, in lallaɓa murhu in roƙi ruwan zafi na alwala. Alwalar tawa kuwa ta fi ta kowa daɗewa, don bayan rumbu nake zagayawa in tsoma hannuwa har yatsun su yarda su buɗe.

Mun dace da ranar kasuwa, Alhamis. Ban taɓa ganin taron dabbobi irin wannan ba, ga mutanen Nijar da rawunansu, ga dabino da kanwa tuli. A layin dukawa muka sami wani mai ciwon, Alhaji Mamman. Isuhu, da rawar kansa, ya cafki hannun bawan Allah ya matse yana girgizawa. Na ga idon Alhaji ya kawo ruwa, amma abin da ya fito bakinsa shi ne, "Lahiya lau." Daga baya wani maƙwabcinsa ya raɗa mana cewa Alhaji ya daina ba mutane hannu, sai dai ya dafa ƙirji, har ana cewa girman kai ya shige shi. Likita ta lura ya naɗe ƙotar basillarsa da robar taya har ta yi kauri, ta yi murna ta rubuta. Amma da aka miƙa masa takardar fuskoki, shi ma mai dariyar ya nuna.

Dalilin ƙetare iyaka wata tsohuwar Bafulatana ce, Nenne Dije. Tana cikin waɗanda suka fi daɗewa suna karɓar magani a Ƙaura. Da rikici ya tsananta, ɗanta ya kwashe shanu da iyali suka koma wani ƙauye a Nijar, aka daina ganinta. A katinta, daga farko har ƙarshe, an rubuta tana samun sauƙi. Likita tana son ta ga yadda ta ƙare, kuma ta riga ta nemi izini ta hannun babban ma'aikacin asibitin ƙauyen, wanda su can suke kira majo.

A Jangeru muka ajiye mota muka hau babura. Yashi ne zalla, babur na wutsil-wutsil, ni kuma ba ni da hannun riƙe ƙarfen baya. Sai na naɗe gefen mayafina a wuyan hannu na ɗaure da ƙarfen. Mai babur ɗin ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ba a taɓa ɗaure kai ga mashin ɗina ba sai yau." Na ce ya dubi gabansa.

Masu tambayata yaya iyaka take, ku yi haƙuri, ni ma na ji kunya. Na zaci katanga zan gani da ƙofar ƙarfe. Ashe itaciya ce, da rumfa, da igiya an gitta. Geron wannan gefe da na wancan duk iri ɗaya. Jandarman da ke wurin Hausarsa irin tamu ce sak, har ta fi ta Likita zama a kunnena. Ya karanta takardunmu a tsanake, ya duba katin kowa, sannan ya buɗe jakata ya zaro tsinken mahaifiyata.

"Wanga hwa?"

"Tsinken kitso na."

"Ranka shi daɗe," in ji Isuhu, "dut Ƙaura babu kamatta. Amare har rububinta suka yi."

Jandarma ya mayar mini da shi da hannu biyu, ya ce Allah shi yi wa sana'a albarka. Na ce amin.

Gidan majo muka sauka. Mutanen can ba sa gaggawa. Gaisuwa kaɗai sai ta ci lokacin dafa shinkafa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, a dawo a sake tambayar gajiya. Asibiti su likita suke ce masa, likita kuma lokotoro. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawon da tauri, cikin kuwa iska. Shayi a ɗan kofi kamar murfin kwalba, sau uku, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Na farko ɗaci, har Isuhu ya yi fuskar nan ta biyar ta takardar Likita. Furarsu ta fi tamu ruwa, yini ake yi ana kurɓa, amma nononsu ban taɓa shan irinsa ba. Abin da ya fi burge ni, mata ke kora amalanken shanu da kansu, babu mai kallonsu. Na ce da a Ƙaura ne da an yi mako ana zancen.

Majo ya ce in muna son samun Nenne da ɗanta sai mu isa rugar kafin a saki shanu. Saboda haka ana idar da sallar asuba muka hau amalanke. Matar majo ba ta ko hura wuta ba, ban sami ruwan zafina ba. Na cusa hannuwa cikin mayafi, suna nan a sandare kamar na aro.

Muka iske Nenne zaune a ƙofar bukkarta, surukarta na can tana tatsa. Ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido. Ta gane Likita nan take, ta yi ta sa albarka. Sai da ta ɗago hannuwa na ga abin da ya sa na kau da kai. Yatsun duka sun kwanta gefe guda, sun karkace. Magani ya yanke mata tun ƙaurarsu. Likita ta ce ya jiki, ta ce da sauƙi. Aka miƙa mata fuskoki, ta nuna mai dariya.

Sai Isuhu, Allah ya shirye shi, ya sake buɗe bakin nan nasa. "Inna, kin ga wagga? Ciwonku guda, amma ta warke sarai. Mai kitso ta, dut Ƙaura babu kamatta."

Idon tsohuwa ya yi haske. "Ke mai kitso ta?" Ta kori maza, ta ce su je su ga shanu, sannan ta ture ɗankwali. Furfurar duk ta cukurkuɗe. Mai yi mata kitso tana can Nijeriya an rabu, surukarta kuwa, da kunya irin ta Fulani, ba za ta zauna ta yi wa uwar mijinta kitso ba. Kafin in nemo ƙaryar da zan yi, ta ja jiki ta zauna tsakanin ƙafafuna.

Tsohuwa ta buɗe maka kanta, ta ina za ka ce a'a? Na zaro tsinke. Na taje, na tsaga, na cije leɓe na kama layin farko. Kowane kamu kamar ana soka mini allura a gaɓa. Na gama na farko, na gama na biyu gumi na bin bayana. Ina tsakiyar na uku yatsun suka ƙulle, tsinken ya suɓuce ya faɗi cikin yashi. Na sunkuya in ɗauka, na kai hannu sau biyu, ya ƙi ɗaukuwa. Likita na zaune a gefe tana kallo.

Nenne ba ta waiwayo ba. Hannu ta miƙo baya ta lalubo nawa, ta sa shi tsakanin karkatattun nata, ta bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya.

"Da zahi," in ji ta. "Ɗiyata, tun yaushe?"

Na ce, "Ai da sauƙi, Inna."

Ta yi tsaki. "Ni ma shi nic ce. Shekara da shekaru shi nika cewa, kuma ban yi ƙarya ba, mai rai kullum da sauƙi shi ke. Amma dubi nan." Ta ɗaga hannuwanta. "Wanga naki, nawa ne na da. Haka yaf fara."

Sannan ta juya wajen Likita. "Ke kuma, ɗiyar kirki, kin yi ta gaishe ni kina rubutawa. Wa ka amsa gaisuwa da kuka? Da ƙwaryar tatsa kit tambaya. Ran da nif fara zuwa wurinku nagge shidda nika tatsa." Nagge saniya ke nan da Fillanci. "Sannan huɗu. Shekarar da munka taso, biyu. Yanzu maraƙi nika riƙe ma yarinyar ga. Da kin ce mani, Nenne, nagge nawa, da na hwaɗa miki. Wanga ba kai ƙarar Ubangiji ba ne."

Likita ta ajiye biro. Ta daɗe tana kallon takardar fuskokin nan. Sai ta ɗago ta dube ni.

"Yaya Hajara, kai nawa kika kitsa makon da ya wuce?"

Na ce, "Ko guda."

"A watan nan fa?"

Na girgiza kai.

"Rabonki da gama kai?"

"Wata huɗu."

Daga nan sai kuka, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Na faɗi komai, har ƙwayar kemis da alwalar bayan rumbu. Kunya ta ishe ni, ga haushin Isuhu, ga haushin kaina, amma wallahi a ƙarƙashin duka sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Na jira faɗa, Likita ba ta yi ba. Ta kama hannuna ta duba, ta ce, "Laifin namu ne mu biyu. Ke kin ɓoye, ni kuma shekara huɗu ina rubuta amsar gaisuwa a kati."

Nenne ta sa surukarta ta kawo ruwan ɗumi a babbar ƙwarya, muka tsoma hannuwa mu biyu a ciki. Muna zaune a haka ta yi ta ba da dabarunta, Likita na rubutu kamar za ta fasa takarda. Ludayinta ta naɗe masa tsumma. Ba ta aiki sai hantsi. Aiki guda takan raba shi uku. Ranar da ciwon ya motsa ba ta kwanciya gaba ɗaya, takan ja carbi a hankali don kada yatsun su manta motsi. Kafin mu tashi aka shirya da ɗanta da majo cewa ɗan zai riƙa kawo ta Shinkafi ranar kasuwa, a duba jininta a ba ta magani.

Na ce bari in tsefe layi biyu da rabin nan, kada a gan ta haka. Ta hana.

"Bar su. In hannun ya buɗe, ki zo ki ida aikinki."

Da Isuhu ya dawo ya ga idona, ya sha jinin jikinsa. Har muka ƙetare igiyar jandarma bai tsokane ni ba. A Jangeru ya sayo mini rake, ya fere, ya yayyanka ƙanana ya miƙo ba tare da ya dube ni ba. Na ce, "Da ka san kana da hankali haka ai da ka daɗe da gwadawa." Ya ce, "Alhamdu lillahi, ta warke."

Komawarmu ba irin zuwanmu ba ce. A Shinkafi muka koma wurin Alhaji Mamman, wannan karon ni na yi tambayar. Na ce takalmi nawa yake ɗinkawa a mako da, nawa yanzu, kuma da safe yaushe yatsun ke buɗewa, kafin hantsi ko bayansa. Mutumin da bai ba mu kalma goma ba ran nan, sai da aka kira azahar yana magana. A Zurmi na tambayi Baba Ɗanjuma dami nawa ya ɗaure da hannunsa bana. Ya ce ko ɗaya, 'ya'yansa ne suka ɗaure yana tsaye, daga nan ya ɓalle da bayani. Matar nan mai kwance ƙulli da haƙori na tambaye ta wa ke ɗaura mata zane. Ta dube ni, na nuna mata hannuna, sai ta matso. Takardun fuskokin kuwa Isuhu ya roƙa, da su ya ƙunso mana tsire a hanya.

Da na isa gida na zaunar da Malam na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ya daɗe da sani, yana jin tafasar ruwa kullum da safe, yana ganin mata na juyawa daga ƙofa.

Na ce, "To mi hana ka yi magana?"

Ya ce, "Na yi. Kullum ina ce miki ya jiki."

An auna jinina, aka ƙara mini wani magani a kan na mako, aka janye ni daga ƙwayar kemis a hankali, don Likita ta ce ba a yanke ta rana ɗaya. Ba dare ɗaya abin ya yi aiki ba, sai da na kusa wata uku kafin in ga kumburin ya saɓe. Ƙaramin yatsana na dama ya riga ya ɗan kwanta, ta ce shi kam ya tafi ke nan. In na dube shi raina yakan ɓaci, wata huɗun nan ne suka ci shi. Sauran tara kuwa suna nan, na gode Allah. Yanzu kai ɗaya nake yi a rana, sai hantsi nake farawa, in huta sau biyu in tsoma hannu a ruwan ɗumi. Tsinken mahaifiyata na naɗe masa ƙyalle. Matan da nake tsoron su gudu ba su gudu ba, hutun ma ya zame musu lokacin gulma. A asibiti kuma har yanzu ana gaisawa yadda aka saba, a ce da sauƙi, sai an gama sannan Likita ta ɗauki biro ta tambayi aiki.

Alhamis ɗin da ta wuce na sake bin su Likita zuwa Shinkafi, don na ji ranar Nenne ce. Bayan an ɗebi jininta na ja ta gidan Hajiya Rabi, muka zauna a gindin darbejiya. Wata maƙwabciyarta a can Nijar ta daɗe da tsefe nawa ta yi mata wani kitso, ba zan ce komai a kansa ba don ban san matar ba. Na tsefe shi na faro daga farko. Mun fara da hantsi, muka huta, muka sha fura, muka ci gaba, muka sake hutawa. Kafin azahar na ɗaure jelar ƙarshe.

Ta bi kan da tafin hannu tun daga goshi har ƙeya, tana ƙirga layukan. Sannan ta juyo.

"Ɗiyata, ya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi, Inna. Kai guda, hutu biyu. Ke hwa, ya naki?"

"Da sauƙi," in ji ta. Sai ta ɗaga karkataccen yatsanta guda, tana murmushi. "Nagge guda."